Zauren Fasaha: “A Kwamfutata Yana Aiki, a Wayar Jama'a Ya Ƙi”

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka iso mini nan Gombe a wannan karon kusan duk kuka ɗaya suke yi: shafin intanet ya buɗe lafiya lau a hannun wani, ya ƙi a hannun wani. Na ɗauki shida daga ciki. Wasu na rage musu tsawo saboda fili, masu su a yi mini afuwa.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne, ina zaune a Yelwa cikin Bauchi, ina ɗan taɓa haɗa shafukan intanet. Na haɗa wa kawuna shafin makarantarsa ta Islamiyya, har da fom ɗin da iyaye za su cike. A kwamfutata komai lafiya, na gwada ya fi sau ashirin. Amma iyaye sai kiran kawu suke yi, wai sun danna maɓallin aikawa ba abin da ya faru. Kawu ya fara yi mini kallon wanda bai iya ba. Ni kuwa ina ganin wayoyinsu ne ba su da kyau. Laifin wa ne?

AMSA: Ƙanena, zan gaya maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba: nauyin a wuyanka yake. Ba wai ba ka iya aiki ba ne, gwajin ne bai cika ba. Sau ashirin ɗin nan da ka ce, gwaji ɗaya ne ka maimaita sau ashirin, tunda a kwamfuta ɗaya da burauza ɗaya, wato manhajar buɗe shafuka irin su Chrome, ka yi shi duka.

Irin wannan ya taɓa faruwa da ni, kuma har yau ina jin sa a raina. A 2021 wata makaranta mai zaman kanta a nan Gombe ta ba ni aikin fom ɗin neman gurbin karatu. Na gama, na gwada a kwamfutata da wayata, na miƙa, aka sallame ni. Kwana huɗu da buɗe fom, ina shago da hantsi, sai ga wani dattijo ya yi sallama. Daga makarantar aka turo shi wajena. Tun bayan sallar asuba ya taso daga Dukku. Ya zauna a benci, ya zaro waya daga aljihun gaban rigarsa, ƙaramar itel ce, gilashinta ya tsage ta kusurwa, an ɗaure murfin bayanta da robar ɗaure kuɗi. Ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, “Ɗana, kwana uku yarinyar nan tana cike abin nan, in ta danna sai shiru. Kati uku muka sa. Ko sunanmu ne ba a so?”

Na karɓi wayar na duba. Chrome ɗin da ke cikinta siga ta 70 ne, na ƙarshen 2018. Ma'ajiyar wayar ta cika maƙil, kuma wanda ya saita masa ita ya kashe sabunta manhajoji don kada su cinye masa data. Na jona ta da kwamfuta da kebul, sai ga jan layi guda ɗaya yana nuna mini inda aka tsaya. Wata 'yar alama ce, alamar tambaya da ɗigo a manne, da na yi amfani da ita a cikin JavaScript, yaren da ke sa maɓallan shafi aiki, don taƙaita rubutu. Chrome bai san ta ba sai a siga ta 80, wadda ta fito a Fabrairun 2020. Gyaran bai ɗauke ni minti goma ba. Na cike wa 'yarsa fom ɗin a wayar tasa, yana kallo, har saƙon karɓa ya shigo. Na ba shi kuɗin mota ya ƙi karɓa, ya yi mini addu'a ya tafi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, shi ya samu ƙarfin halin zuwa. Waɗanda suka danna, suka ji shiru, suka ce ba rabo, ba wanda ya zo ya gaya mini.

Ga yadda abin yake. Shafin intanet ba hoto ba ne da ake aika wa mutum a kammale. Umarni ne a rubuce, burauzar da ke wayarsa ce ke karantawa ta gina shafin a gabansa. Kamar ka ba teloli uku yadi iri ɗaya da awo iri ɗaya ne: kowa zai fitar da riga, amma in ka ce a yi wani sabon aikin wuya da tsohon tela bai taɓa gani ba, nan za a sha bamban. Umarnin nan kashi uku ne. HTML shi ne gangar jiki, wato rubutu da fom da maɓallai. CSS shi ne ado da jeri. JavaScript shi ne motsi, abin da zai faru in an danna. Biyun farko masu haƙuri ne. In burauza ta ci karo da abin da ba ta sani ba a cikinsu sai ta tsallake ta ci gaba, iyaka dai shafin ya ɗan karkace. JavaScript ba ya da wannan haƙurin. In burauza ta gamu da salon rubutu ɗaya da ba ta iya karantawa ba, fayil ɗin gaba ɗaya take ajiyewa, ba wannan layin kaɗai ba. Shi ya sa iyayen nan ke ganin shafi tsaf, launi da hotuna duk sun fito, amma maɓalli ya zama kamar an zana shi a bango.

Kai kuma ba za ka taɓa gani a kwamfutarka ba, don ita kullum a sabunce take. A 2021 Chrome ya koma fitar da sabuwar siga duk bayan mako huɗu, kamar yadda Firefox ke yi a lokacin, kuma kwamfutarka tana ɗaukowa ba tare da ta tambaye ka ba. Wayar talaka ba ta bin wannan gudun. Wata ba fili, wata ba data, wata kuma an rufe mata ƙofa ne ɗungurungum: duk wayar da ke kan Android 7, Chrome ɗinta ya tsaya a siga ta 119 tun ƙarshen 2023, ko mai ita ya zuba data ta dubu goma ba zai wuce nan ba.

Don haka ka je wajen kawu, ka roƙe shi ya haɗa ka da biyu ko uku cikin iyayen da suka yi ƙorafi. Ka karɓi wayoyinsu ka danna da hannunka, ka duba wace burauza ce, siga ta nawa. Kada ka ce wa kowa ya sayi sabuwar waya. Makarantar kawu don su aka buɗe ta, fom ɗin ma don su ne.

TAMBAYA: Yaya, ina hidimar ƙasa a Kaltungo, ina koyon wannan sana'a da kaina. Na ji ana cewa a gwada shafi a kowace burauza. To burauza ai ba ta ƙirguwa, ga tsofaffin sigogi, ni kuma ba ni da iPhone, ba ni da kuɗin biyan kamfanonin gwaji. Ta ina zan fara, kuma a ina zan tsaya?

AMSA: Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, sunayen ne suke da yawa, injinan da ke ciki, masu karanta umarnin shafi su gina shi, uku ne manya. Akwai Blink, wanda Chrome ke tafiya a kansa, kuma shi ne a cikin Edge tun 2020, da Opera tun 2013, da Samsung Internet, da Brave. Akwai WebKit na Safari, burauzar da iPhone ke zuwa da ita. Akwai Gecko na Firefox. In kin gwada a Chrome sannan kika bi Edge da Brave da Opera ɗaya bayan ɗaya, kusan mota ɗaya kike ta shiga an sauya mata fenti. Gara ki kashe wannan lokacin a kan Firefox da Safari. Ki kuma san cewa a ƙasashenmu duk burauzar da ke kan iPhone, ko sunanta Chrome ko Firefox, injin WebKit ne a cikinta, don haka wanda ya ce miki “ai Chrome nake amfani da shi a iPhone ɗina”, da Safari kike magana.

Bayan ukun nan akwai biyu da littattafan koyon wannan aiki ba su cika damuwa da su ba, mu kuwa a nan su ne rayuwarmu. Ta farko Opera Mini. In an sa ta a yanayin matse data sosai, ba wayar ce ke gina shafin ba. Kwamfutocin kamfanin Opera ne ke ɗauko shi, su bar JavaScript ya yi aiki na 'yan daƙiƙoƙi, su matse sakamakon su aiko wa wayar. Duk abin da kika tsara zai riƙa motsi bayan shafi ya buɗe, a nan yake maƙalewa, kuma zubin haruffan da kika zaɓo don ado ba ya zuwa. Ta biyu ita ce 'yar burauzar da ke cikin Facebook. Mutanenmu da yawa ba sa rubuta adireshin shafi; a Facebook suke ganin mahaɗi su danna, shafin ya buɗe a cikin manhajar. A nan ne ɗora hoto ko sauke takarda ke yawan ba da matsala. In shafinki ya tsallake waɗannan biyun, ya yi nisa.

Game da kayan gwaji, abin da ya fi yi mini amfani bai da tsada. Tun bayan zuwan dattijon Dukku da na ba da labari a sama, na ware durowa guda a shagona. Wayoyi biyar ne a ciki, duk daga wajen masu gyaran waya na tsinto su da araha: wata ba ta ɗaukar layi, wata lasifikarta ta mutu, wata sai an jingina cajarta da littafi kafin ta kama. Ba ruwana da wannan, allonsu na aiki, suna kama wayifai. Kowace na manna mata farar takarda a baya, na rubuta sigar Android ɗinta da ta burauzarta, kuma na kashe musu sabuntawa da gangan don su zauna a yadda suke. Duk aikin da zai fita daga hannuna sai ya bi ta durowar nan. iPhone kuwa aro nake yi wajen wani maƙwabcina mai sayar da magani, in kai masa shafin bayan la'asar, mu danna tare.

Akwai kuskuren da masu koyo ke yawan yi, ki kiyaye shi. A cikin kayan aikin Chrome na kwamfuta akwai inda ake zaɓar sunan waya, allo ya tsuke ya zama kamar nata. Wannan faɗi da tsawo kawai yake sauyawa. Ko kin zaɓi iPhone, injin na Chrome ne, sabo fil. Yana da amfani wajen ganin ko rubutu ya fita daga gefe, kuma akwai inda ake rage masa gudun intanet ki ɗanɗani abin da mai sabis mai rauni ke sha, amma ba ya maye gurbin waya ta gaske. Abin da ya fi shi shi ne ki kunna izinin gyara ta kebul a wayar Android, ki jona ta da kwamfuta, ki rubuta chrome://inspect a Chrome. Za ki ga kurakuran wayar suna fitowa a allon kwamfutarki. Da shi na kama alamar da ta hana dattijon nan barci.

Tsofaffin sigogin Firefox duka suna nan a rumbun Mozilla, masu Firefox ɗin, kyauta, ki sauke wadda kike so. Sai dai ki riƙe ta don gwaji kawai. Kada ki shiga banki ko imel da tsohuwar burauza, akwai ramukan tsaro da ba a toshe ba a cikinta. In kin fara ƙwarewa, ki koyi Playwright, wanda Microsoft ta fitar a 2020. Kyauta ne, kina rubuta masa matakai sau ɗaya, ya buɗe shafi, ya cike fom, ya danna, ya maimaita a injinan nan uku, har da WebKit a kan kwamfutar Windows. Ba Safari ba ne sak, amma yana kama kurakurai da yawa kafin ki je aron waya. Kamfanoni irin su BrowserStack da Sauce Labs suna ba da hayar wayoyi na gaske ta intanet, da dala ake biya. Ki bari sai aikin da ya kawo kuɗin da zai ɗauki nauyinsu.

A ina za ki tsaya? Kafin ki yi amfani da kowane sabon salo, ki leƙa caniuse.com, zai nuna miki daga wace siga kowace burauza ta fara gane shi. Tun 2023 kuma akwai ma'aunin da ake kira Baseline, wanda ke cewa abu ya yaɗu in ya cika wata 30 yana aiki a manyan burauzoji. A ganina wata 30 ya yi mana kaɗan. Wayar da aka saya a nan, in mai ita ya gaji da ita, ƙaninsa ne zai gada, daga shi sai yaron shago. Ni nakan koma baya shekara biyar zuwa shida, in sa Babel ya juya sabon JavaScript zuwa salon da tsofaffin burauzoji ke ganewa. Fom kuwa, musamman na makaranta ko asibiti ko neman tallafi, ina gina shi ta yadda ko JavaScript ya mutu gaba ɗaya, maɓallin aikawa zai aika. Ado ya biyo baya ga wanda wayarsa za ta iya ɗauka.

TAMBAYA: Malam, ni 'yar kasuwa ce a Kumo, ina sayar da atamfa da leshi da turaren wuta. Na ba wani yaro aikin shafi, na biya rabi. Ya zo ya nuna mini a kwamfutarsa, ya yi kyau ƙwarai, yanzu yana neman cikon kuɗinsa. Ni ban san komai a harkar nan ba. Me zan duba kafin in biya?

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Ba sai kin san komai a harkar kwamfuta ba, ai ba kya karɓar ɗinki sai an gwada a jiki. Ki sa masa rana ya zo gida, ki ce ya bar kwamfutarsa a jaka. Ki tara wayoyin da ke kusa: taki, ta yarinyar da ke taya ki a shago, ta mai Keke Napep ɗin da ke kai miki kaya tasha, da iPhone ɗin wata ƙawarki in akwai. Da datar waya za a buɗe, kuma in da hali a gwada layi biyu daban. Ki tura mahaɗin shafin ta WhatsApp, ki kuma sa shi a Facebook a danna daga can, don ta nan masu sayenki za su shigo.

Kada ki tsaya a shafin farko kina yaba launi. Ki sa kowa ya yi ciniki tun daga farko har ƙarshe: ya zaɓi turmi, ya ga farashi, ya rubuta adireshi, ya danna har saƙon ya iso wayarki. Shi kuma mai aikin ya zauna ya yi shiru, kada ya nuna wa kowa inda zai danna. Duk inda yarinyar shagonki ta tsaya tana neman hanya, nan mai saye daga Azare ko Yola zai tsaya, shi kuma ba wanda zai tambaya.

Ki lura da hotuna sosai, tunda su ne jarinki. Akwai sababbin nau'o'in hoto marasa nauyi da masu haɗa shafi ke so, kuma suna da kyau don suna rage cin data. Amma nau'in WebP bai fara fitowa a iPhone ba sai daga iOS 14 na 2020, kuma iPhone 6 a iOS 12 ta tsaya. Nau'in AVIF sai daga iOS 16, ita kuwa iPhone 7 a 15 ta tsaya. Irin waɗannan wayoyin na hannu suna nan a jakunkunan mata masu sayen leshi. In bai tanadi hoton JPEG a matsayin madadi ba, fili fari za su gani a inda atamfarki take.

In komai ya tafi daidai, ki cika masa kuɗinsa a ranar, kada ki ja masa rai. Ku kuma rubuta a takarda wa zai gyara in wani abu ya lalace bayan wata shida, da nawa za a biya, don burauzoji ba sa daina sauyawa, kuma ba adalci ba ne a ce gyaran har abada kyauta ne.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, muna da ƙungiyar marubuta a Misau, mun buɗe shafi muna sa waƙoƙi da gajerun labarai. A wasu wayoyi haruffa masu ƙugiya suna zama akwati, a wasu kuma su fito da wani girma daban da sauran. Wasu abokai sun ce mu daina sa ƙugiyar kawai mu huta.

AMSA: Malam, don Allah kada ku daina. Ƙasa da kasa ba ɗaya ba ne, ɓata da bata ma haka, kuma in marubuta suka saki ƙugiya, ban san wa zai riƙe ta ba. Matsalar tana da magani.

Cuta biyu ce ake haɗawa. In ka ga “ƙ” ta rikiɗe ta zama “Æ™”, shafin ne bai gaya wa burauza cewa da tsarin UTF-8 aka rubuta shi ba, ko kuma rumbun ajiyar rubutun ba a kan tsarin yake ba. Layi ɗaya a saman shafi yakan warware na farkon. In kuwa akwati kake gani, ko harafin ya fito da wata kama daban a tsakiyar kalma, zubin haruffan da kuka zaɓa ne ba shi da harafin, sai burauza ta je ta aro daga wani zubin. In ta samu ya fito bare, in ba ta samu ba ta sa akwati. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, a jadawalin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa, ba a unguwa ɗaya haruffanmu suke ba. Ƙ da ƙ da manyan Ɓ da Ɗ suna rukuni ɗaya, ƙananan ɓ da ɗ kuma suna rukunin haruffan nazarin furuci. Shi ya sa zubi zai iya kawo ƙ lafiya ya rasa ɗ.

Ku zaɓi zubin da aka san ya cika, kamar Noto Sans, ko Andika da Charis na cibiyar SIL, duk kyauta ne. In za ku sa ajami, cibiyar tana da Alkalami, wanda aka zana a kan salon rubutun hannu na ƙasar Kano. Kafin ku amince da kowane zubi, ku rubuta jimla guda mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ manya da ƙanana, da alamar ₦, ku duba ta a miƙe, da kauri, da gicciye, a waya uku ko huɗu. Sau da yawa a rubutu mai kauri na kanun labari ne ƙugiyar ke ɓacewa. In kuna da fom, ku gwada sa suna mai ɗauri irin Sa'adatu ko Mu'azu. Na sha ganin fom ɗin da ke ƙin karɓar wannan 'yar alamar.

TAMBAYA: Malam, wayar mahaifiyata a Bajoga ta daina buɗe shafuka da yawa, sai ta riƙa cewa haɗin ba shi da tsaro. An yi mata kutse ne?

AMSA: Da wuya kutse ne. Ka fara duba kwanan wata da agogon wayar. In sun kauce, burauza takan ɗauka takardun shaidar tsaron shafuka sun ƙare ko ba su fara aiki ba. In agogo daidai yake, duba sigar Android. Wayoyin da ke ƙasa da 7.1.1 ba su san tushen shaidar Let's Encrypt ba, cibiyar da ke ba ɗimbin shafuka takardar shaidar tsaro, kuma dabarar da aka yi don tallafa musu ta ƙare a 2024. Ka gwada sa mata Firefox in wayar za ta ɗauka, don shi da nasa jerin shaidun yake tafiya. Kada ka koya wa Mama danna “ci gaba duk da haka”, musamman a shafin da ya shafi kuɗi.

TAMBAYA: Yallaɓai, ina da shagon intanet a Azare, kwamfuta takwas, duk Windows 7. Ɗalibai na zuwa rajistar jarabawa da duba sakamako. Kwanan nan wasu shafuka sun fara fitowa a hargitse, wasu su ce burauzata ta tsufa. Na danna sabuntawa, ya ce ni ne a kan ta ƙarshe.

AMSA: Alhaji, gaskiya ya gaya maka, ta ƙarshen da Windows 7 za ta samu ke nan. Microsoft ta daina kula da Windows 7 ran 14 ga Janairun 2020, Chrome da Edge kuma suka tsaya mata a siga ta 109 a Janairun 2023. Duk sabon salon da aka shigo da shi bayan nan, kwamfutocinka ba su san shi ba, kuma kullum giɓin ƙaruwa yake. Firefox 115 mai dogon tallafi ya ɗan fi su nisa, kana iya sa shi ya riƙe ka na ɗan lokaci, amma shi ma nan ne iyakarsa a Windows 7.

Abin ya wuce hargitsewar shafi. Yaran nan lambar NIN ɗinsu da katin bankin iyayensu suke shigarwa a kwamfutocinka, amana ce a hannunka. Ba sai ka sayi sababbi takwas ba. Ka ɗauki guda ɗaya ka sa mata Linux Mint a madadin Windows, kyauta ce, tana zuwa da Firefox na zamani, kuma tana tafiya a kan tsofaffin kwamfutoci da dama. Ka gwada ta mako biyu da firintarka da na'urar ɗaukar hoton takardu. In ta yi, ka bi sauran a hankali, ba a lokacin da rajista ta yi zafi ba, don ba a fafe gora ranar tafiya. Na'urar ɗaukar zanen yatsa takan nace sai Windows, saboda haka ka ware mata kwamfuta ɗaya mai ƙarfi ka ɗora mata sabuwar Windows mai lasisi.

Guda ɗaya kuma ka bar ta a Windows 7 ɗinta da Chrome 109, ka cire ta daga layin kwastomomi, ka ajiye a kusurwa. Ka sanar da matasan Azare masu haɗa shafuka cewa ga inda za su zo su gwada aikinsu kafin su miƙa. Ka kuma ajiye ɗan littafi kusa da ita, duk shafin da ya ƙi buɗewa a rubuta sunansa da ranar da abin da ya nuna a allo. In littafin ya yi shafi biyu ko uku, ka ɗauki hotonsa ka turo mini ta hannun edita, zan bi su ɗaya bayan ɗaya in rubuta wa masu shafukan.